Jikar Likitan Ingila a Gidan Wanzami

Idan aka watse daga aikin Hajji, unguwarmu Misfala, kusa da Harami, takan yi shiru kamar gidan da aka gama biki. Masu shaguna su dawo da kujerunsu bakin ƙofa, mu kuma masu ba da hayar ɗaki mu fitar da katifu mu shanya a saman bene, mu jira masu Umra. A irin wannan lokacin ne Baturiyar ta sauka a gidanmu.

Ni nake kula da ɗakunan haya tun da mijina ya rasu na dawo gaban iyayena. Gidan tsoho ne, hawa uku. Mu muna tsakiya, baƙi suna sama, a ƙasa kuma akwai ɗan ɗaki kusa da ƙofa inda Baba yake sana'arsa. Baba wanzami ne. Yana saurayi ya baro ƙasar Kano da zabirarsa a kafaɗa, ya yi aski a Chadi, ya yi ƙaho a Sudan, ya tsallako teku bai sake komawa ba. Mu duk a nan aka haife mu. A shekarar da nake magana ya riga ya tsufa, ya bar askin alhazai ga samari masu shaguna da manyan madubai, sai ƙaho kaɗai yake yi wa tsofaffin mutanensa. Kowa a layinmu ya san yanzu ba a yarda a yi ƙaho ba sai a wurin da yake da lasisi. An sani, amma ba a magana.

Wani maƙwabcinmu direban tasi ne ya kawo ta. Ya ce daga otal ya ɗauko ta, ta ce ta gaji da hawa lif da cin abinci ita kaɗai, tana son gidan mutane. Doguwa ce, ta ba saba'in baya, farin gashi yana leƙowa ta gefen mayafinta. Ta yi mini sallama da irin Larabcin da ba ka jin sa sai a bakin masu karanta labarai. Ta ce ta daɗe da musulunta, ta koyar da yara a makaranta har ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa. Na taɓa aiki a teburin karɓar marasa lafiya na wani ƙaramin asibiti, inda na tsinci Turanci a bakin ma'aikatan jinya 'yan Indiya, saboda haka inda Larabcinta ya tsaya sai mu ƙarasa da wannan.

Na nuna mata ɗakin da yake da taga. Da na sauko, na tarar da Inna a bakin matakala ta riƙe ƙugu.

"Wace ce wannan?"

"Baƙuwa ce, Inna. Umra ta zo."

"Duk otal-otal ɗin da suka kewaye Harami ba su ishe ta ba sai gidan wanzami? Ke dai. Ruwa ba ya tsami banza."

Na ce Musulma ce kamar kowa. Inna ta ce ba ta ce ba Musulma ba ce, ta dai ce abin da ta ce.

Kwanakin farko babu abin da ta yi sai ibada. Da asuba ta bi ayarin masu tafiya Harami a ƙafa, hantsi ya yi ta dawo da gurasa mai zafi a leda, ta miƙa wa Inna rabi. Inna ta karɓa ta yi godiya a taƙaice, in ta juya baya ta ba yaran maƙwabta. Daga baya sai na lura da wani abu. Idan ta dawo ba ta wucewa sama kai tsaye. Takan zauna a matakala ta biyu ko ta uku, wai tana hutar da gwiwa, alhali daga nan ana hango ƙofar ɗakin Baba. Tana kallon dattawan da ke shiga, tana kallonsu in sun fito suna gyara wuyan riga. Wata rana ta tambaye ni mene ne a cikin tsohuwar jakar fatar da Baba yake ratayawa a ƙusa. Na ce kayan aski ne. Ta ce aski kaɗai? Na ce eh, na wuce.

Yayana, wanda yake tuƙa motar alhazai zuwa Arfa da Muzdalifa in lokacin ya zo, ya fi kowa ɗaukar zafi da na gaya masa.

"Turo ta aka yi," in ji shi. "Ko 'yar jarida ce, ko mai kai rahoto. Tsohuwa ake turowa don kada a yi zargi. Kin ga wayarta? Tana ɗaukar hoto?"

Na ce ban taɓa gani ba. Ya ce ai gwanaye ba a ganinsu.

Ranar da nake canza mata zanin gado tana Harami, na ɗaga matashi sai wani ƙunshi ya gangaro ƙasa ya warware. Ɗan akwati ne na tagulla, bai fi dunƙulen hannu ba, ya yi baƙi-baƙi don tsufa. A ƙarƙashinsa akwai 'yan tsagogi a jere, a sama kuma wani maƙalli mai kama da kunamar bindiga. Na ja maƙallin ya yi ƙas. Na danna wani ɗan maɓalli a gefe, sai ƙananan asake suka fito ta tsagogin nan suka wulga suka koma, da ƙarar da ta sa na yar da shi a kan gado. Da yatsana yana wurin, da na ga jini.

Na sauko da shi a cikin mayafina. Inna ta ja da baya tana a'uziyya, ta ce kada in kusanto ta da shi, wa ya san abin da aka karanta a kai. Yaya ya juya shi yana neman inda ake sa batir. Baba ne ya miƙo hannu. Ya kai shi kusa da idonsa, ya shinshina, ya ja kunamar ya danna a iska, ya sake yi. Sai na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi.

"Na tsaga ne," in ji shi. "Abin da nake yi da aska ɗaya-ɗaya kafin in ɗora ƙaho, shi wannan a bugu guda yake yi. Amma ya daɗe bai taɓa fatar mutum ba. Mayar mata da kayanta."

"To me ya kawo kayan tsaga ƙarƙashin matashinta?" in ji Yaya. "Ba ga shi ba? Ta san abin da ta zo nema."

Na mayar na naɗe yadda na iya. Ashe ba haka take naɗe shi ba. Bayan la'asar muna saman bene, Baba yana shan shayi, Inna tana tsintar shinkafa a bakin ƙofa, sai ga ta ta hawo da ƙunshin a hannu. Ba ta nuna fushi ba. Ta zauna nesa kaɗan da Baba, ta ajiye akwatin a kan tabarma, ta ce da ni, "'Yata, ki gaya wa mahaifinki na san sana'arsa tun ranar da na ga bayan wuyan wani da ya fito daga ɗakinsa. Na so in nuna masa wannan, ban san ta inda zan fara ba. Na kakan kakannina ne."

A ranar ta fara ba mu labarinsa, ni ina fassarawa, kuma ba ta gama ba sai da muka yi yammaci da yawa a wurin. Ta ce wajen shekara ɗari biyu ke nan. Ɗan manomi ne a wani ƙaramin gari na Ingila, garin tumaki da masu saƙar ulu, a bakin wani kogi. Yana ɗan saurayi ubansa ya kai shi gidan likitan fiɗa na garin ya zauna yana koyon aiki, yana daka magani, yana wanke wuƙaƙe, yana riƙe doki. Da ya ƙware ya je babban birni ya yi wani ɗan lokaci yana kallon yadda ake yi a manyan asibitoci, ya dawo ya gaji maigidansa. Ta ce kada mu ɗauka likita ne irin na yanzu. A zamanin akwai manyan likitoci masu karatun jami'a waɗanda ba sa taɓa jini, su ake shigar da su ta babbar ƙofa. Shi nasa aikin cire haƙori ne, da ɗorin karaya, da farke ƙurji, da karɓar haihuwa in ta gagari ungozoma, da tsaga, da ɗora matsattsaku su sha jini. Yana da ƙananan kofunan gilashi da yake ɗumamawa da wuta ya kifa a bayan mutum. A gidajen masu hali ta ƙofar baya yake shiga.

Baba ya ajiye kofin shayinsa. "Ashe dai wanzami ne," ya ce. "Tambaye ta, da me yake tsayar da jini?"

Ta faɗa, ya gyaɗa kai. Ya sake tambaya ko yana zaɓar rana kafin ya yi ƙaho. Ta ce ba ta sani ba. Ya ce ai kuwa da sauransa.

Ta ce ya auri 'yar wani majemi. Matar ita take murza ƙwayoyin magani a ɗakin girki, ita take tafasa tsummoki. Sun haifi 'ya'ya da yawa, ƙanana uku suka mutu a sanyi guda da ciwon maƙogwaro, uban yana tsaye a kansu da duk kayan aikinsa bai iya komai ba. Ɗansa namiji da ya sa rai zai gaje shi ba ya iya ganin jini, ranar da aka fara sa shi riƙe fitila ya faɗi sumamme, daga baya ya gudu ya shiga jirgin ruwa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai babbar 'yar ta ɗauki fitilar. Babu allurar kashe zafi a lokacin. In injin masaƙa ya murƙushe hannun mutum, a kan teburin cin abincin gidan ake kwantar da shi, ƙarti su danne, a ba shi fata ya ciza, yarinyar nan tana riƙe da hannun da za a yanke. Ta ce wannan 'yar ba ta taɓa aure ba har ta mutu.

Ina fassarawa ina satar kallon Baturiyar. Labarin yana fita daga bakinta sumul, kamar wanda ta sha bayarwa, kuma wannan ma ya dame ni. Na ce a raina, in an koya wa mutum abin da zai faɗa don ya shiga jikin wanzami, ai irin wannan za a koya masa. Tsakanin labari da labari takan jefo tambaya: tun yaushe Baba yake yi, ƙahon sa ne yake amfani da shi ko na roba, akwai wasu masu yi a unguwar? Baba kuwa, wanda ba ya sakin baki da kowa, sai amsawa yake yi. Wasu amsoshin nakan rage su a hanya kafin su isa kunnenta. Inna ba ta taɓa sa baki ba, amma kullum shinkafarta ba ta ƙarewa sai an tashi.

A yammaci na huɗu ko na biyar ta kawo maganar kabari. Ta ce wani saurayi makiyayi ya kamu da kumburin ciki, likitan ya yi iya yinsa, yaron ya mutu. Ya roƙi uwar ta bar shi ya buɗe cikin ya ga abin da ya kashe shi, ko ya amfani wani. Uwar ta kore shi da zagi. Bayan 'yan kwanaki da binnewa aka wayi gari an tone kabarin, babu gawa. A zamanin an san ana satar gawa a sayar wa masu koyon fiɗa, saboda haka ba wanda ya tsaya tambaya. Mutanen gari suka zo da duwatsu suka farfasa masa tagogi, suka bincike gidan har rumbun ciyawar doki. Ba su sami komai ba. Ba a kai shi gaban alƙali ba, amma daga ranar ba mai gaishe shi a hanya. Matarsa ta daina zuwa kasuwa, ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Mutane ba su daina kiransa ba in wuya ta yi wuya, tunda babu wani, sai dai in ya fita su wanke inda ya zauna. Kuma in an yi mutuwa, dangi su yi ta gadin kabari har sai sun tabbata gawar ta wuce amfaninsa.

Inna ta saki faifan shinkafa. "Inna lillahi! Tonon kabari?"

Baba ya ce, "Tambaye ta, shi ya tone?"

Ta ce har ya mutu yana cewa ba shi ba ne. Ta ƙara da cewa su ta wajen babbar 'yar nan suka fito, kuma daga hannunta akwatin ya biyo har ya iso gare ta.

Da muka sauko ɗakin girki Inna ta jawo ni gefe.

"Ke ba ki ji abin da na ji ba? Shekaranjiya ta ce 'yar ba ta taɓa aure ba. Yau ta ce jikarta ce ita. Wadda ba ta yi aure ba, a ina ta samo jikoki? Maƙaryaci dai ba ya riƙe abin da ya faɗa jiya."

Ni da na fassara maganganun biyu da bakina ban lura ba.

Kwana biyu bayan haka aka rufe ɗakin wani wanzami a layin bayanmu, mutumin Chadi, wanda shi da matarsa suke yin ƙaho, shi maza, ita mata. Masu duba lasisi suka zo da hantsi, suka kwashe kayan aiki, suka manna takarda a ƙofa. Kafin azahar labari ya gama unguwa, kuma tare da shi wani labarin: mai shagon kusa da su ya ce ya ga Baturiyar gidanmu ta shiga gidan a makon da ya wuce, ta daɗe ba ta fito ba.

Yaya ya shigo ko zama bai yi ba. "Baba, gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta. Yau ɗin nan za a kwashe kayan nan daga ɗakin ƙasa. Ita kuma ta tattara ta bar mana gida."

Baba ya ce a kai zabirar gidan ƙanwata, a gaya wa masu zuwa ba ya jin daɗi. Amma baƙuwa, ya ce, ba a korar baƙon Ɗakin Allah daga gidansa a kan maganar mai shago. Yaya ya ce to shi ba zai ƙara cin abinci a gidan ba sai ta tafi. Matan layinmu suka daina amsa sallamarta da kyau. Wata ta aiko a tambaye ni wai nawa aka ba mu muka ajiye ta. Direban da ya kawo ta ya rantse a gaban mutane cewa shi bai san ta ba, a titi ya tsince ta.

Na kasa haƙuri. Washegari da ta dawo daga Harami na bi ta ɗaki na rufe ƙofa. Ban zauna ba.

"Hajiya, kin je gidan mutumin Chadin nan?"

"Na je."

"Me kika je yi?"

Ta dube ni, sannan ta juya baya ta sassauta rigarta daga kafaɗa. Ga shaidar ƙaho nan a jere a farar fatarta, da'ira-da'ira, sun fara komawa ruwan ɗorawa, da 'yan tsagogin a tsakiya.

"Matarsa ce ta yi mini," in ji ta. "Na girma ina jin labarin abin nan, ban taɓa jin yadda yake a jiki ba. Na san mahaifiyarki ma tana yi wa mata. Amma ba ta son gurasata, ban ga yadda za ta so bayana ba."

Da yake na riga na fara, sai na ƙarasa.

"Ke kika kai rahotonsu?"

"A'a."

"Kin gaya wa wani? Kin ɗauki hoto?"

"A'a, 'yata. Ba ni da abin da zan nuna miki ki yarda. A'a kawai nake da shi."

Sai na kawo maganar Inna, cewa ta ce 'yar likitan ba ta yi aure ba, kuma ta ce daga gare ta suka fito. A nan ne na ga fuskarta ta yi ja har wuya. Ta zauna a bakin gado.

Ta ce duka biyun gaskiya ne, kunyar Baba ce ta sa ta tsallake tsakiyar. A lokacin da aka tone kabarin akwai wani mai koyon aiki da ke zaune a gidan, babban saurayi mai son zuwa birni. Sati bai cika ba bayan fashe-fashen tagogi ya ɓace. Bayan 'yan watanni ciki ya bayyana a jikin babbar 'yar. A danginsu, in ji ta, magana biyu ake yi. Kakarta ta ce saurayin ne ya saci gawar ya sayar, likitan ya gane, ya sallame shi a ɓoye, ya ɗauki zargin a kansa don kada a ce uban jikansa ɓarawon gawa ne. Ƙanwar kakar kuma ta ce ƙarya ne, tare suka tone, tsohon ya kori yaron ne don kada ya tona shi, ya raba 'yarsa da wanda take so don ya tsira da wuyansa. Tsofaffin nan biyu sun mutu ba su daidaita ba.

"Ke wanne kika yarda da shi?" na tambaye ta.

"Ya danganta da ranar," in ji ta.

Na sauko na ba su labari yadda ta ba ni. Inna ta ce, "Au, shege ne ashe tushen," amma muryarta ba ta yi kaifin da na zata ba, kuma da na faɗi maganar gurasa sai ta kau da kai. Yaya, da aka gaya masa, ya yi dariya. Ya ce shaidar ƙaho ba hujja ba ce, ai wanda aka tura dole ya kwanta a yi masa don ya ga komai da idonsa. Ya ce da aka kama ta da ƙarya ɗaya sai ta ɗinke da wani labarin, kuma mu mata mun haɗiye saboda an sa ciki da soyayya. Gaskiya ban iya ce masa ba haka ba ne. Da na kwanta na yi ta juya maganar, in na tuna jan da fuskarta ta yi sai in yarda da ita, in na tuna tambayoyinta na ko akwai wasu masu yi a unguwar sai in koma wajen Yaya.

Ita da kanta ta ce za ta tafi, saura kwana goma cikin kwanakin da ta ce za ta yi. Ta ce za ta ƙarasa a Madina. Ba wanda ya ce ta zauna, har Baba. Da safen da za ta tafi ta tsaya a ƙofar falo ta yi masa sallama, ya yi mata addu'ar sauka lafiya, ya ce in gaya mata in ta je Madina ta isar masa da gaisuwa wajen Ma'aiki. Ta juya za ta sauka sai Inna ta fito daga ɗakin girki tana goge hannu.

"Tambaye ta," ta ce da ni, ba ta dubi matar ba, "ita yarinyar, yaya ta ƙare?"

Baturiyar ta ce yarinyar ta haifi 'ya mace, ta rene ta a gidan ubanta. Da idon tsohon ya raunana, ita take yin ɗinki da ɗori yana zaune yana gaya mata. Bayan ya mutu ba a yarda mace ta riƙe wuƙa ba, sai ta koma karɓar haihuwa. Ta tsufa ƙwarai. Yawancin waɗanda suka ɗauki gawarta a hannunta aka haife su, amma an binne ta can gefe, nesa da uwarta.

Inna ta ce, "Mutane ke nan." Ta koma ciki ta fito da ƙullin dabino da yajin da take dakawa, ta miƙa mini ni in miƙa mata.

Motar da ta ɗauke ta ba ta gama fita layin ba Yaya ya hau sama. Ya ɗaga katifa, ya leƙa bayan na'urar sanyaya ɗaki, ya kwance murfin fitila, ya shafa ƙarƙashin taga. Ina tsaye da tsintsiya ina jiransa. Bai sami komai ba sai ƙwallayen dabino a cikin kofi. Ya ce, "Ta iya aikinta."

Ba wanda ya zo gidanmu daga hukuma, a watan ko bayansa. Yaya ya ce don mun riga mun kwashe kaya ne. Game da mutumin Chadi, daga baya na ji an ce mai gidan da yake haya ne ya kai ƙara don yana son ɗakin, wasu kuma suka ce wani ne da tsagarsa ta yi ruwa 'ya'yansa suka fusata. Mai shago dai har yau yana kan bakansa. Wanzamin ya koma sayar da carbi da turare a hanyar Harami, matarsa kuma in mun haɗu takan amsa gaisuwata, amma ba ta ƙara shigowa gidanmu ba.

Baba ya sa an dawo masa da zabirarsa bayan azumi. Ya yi wa mutum biyu ko uku, sai ya ce hannunsa ya fara rawa, ya rataye ta. Ya rayu shekara biyu bayan nan. Wani lokaci muna zaune, ba a kan komai ba, sai ya ce, "Ni fa ina ganin yaron nan mai koyon aiki ne ya tone shi kaɗai." Inna ta ce ita ba ta yarda da tsohon ba, mutumin da ya iya roƙon uwa ta ba shi cikin ɗanta ya yanka, me zai gagare shi? Su yi ta yi har shayi ya huce. Ita Baturiyar ba ta sake zuwa ba, ba ta aiko ba, ni ma ban karɓi lambarta ba. Ɗakin ya yi mako uku a rufe, sannan wasu mata uku daga Sakkwato suka kama shi.